Wutar Sola ta Baranda a Njamena: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Zare Kuɗi

A 'yan shekarun nan wani nau'in kayan sola ya yi farin jini a Turai. Faifai ne ɗaya ko biyu da ake ratayawa a ƙarfen baranda, da wata ƙaramar inbata da ake ɗaurewa a bayansu, sai waya mai fulogi da ake cusawa a soket ɗin bango. Ba a fasa gini, ba a kiran injiniya, ranar da ɗan haya zai tashi kuma sai ya kwance kayansa ya yi gaba. Bidiyon irin waɗannan kaya ya cika wayoyi, kuma duk wanda ya kwana a Njamena cikin watan Afrilu ba fanka, ba za a ga laifinsa ba idan ya ji yana sha'awa.

Sai dai an ƙera kayan ne don magance wata damuwa daban. Mutumin Jamus yana neman rage kuɗin wutar da ba ta yanke masa. Mutumin unguwar Chagoua ko Diguel a Njamena yana neman wutar ce kanta a lokacin da aka ɗauke. Wanda bai raba waɗannan buƙatu biyu ba zai sayi kaya masu kyau, na asali, masu takardar shaida, su kuma yi masa shiru a daidai sa'ar da ya fi buƙatarsu.

Yadda abin yake a Jamus

Jamus ce kan gaba a wannan harka. Tun daga Janairun 2023 ta cire harajin saye a kan ƙananan kayan sola. A watan Mayun 2024 ta yi dokar da ta yarda inbatar baranda ta tura har wat 800 cikin wayoyin gida, faifan kuma su kai wat 2,000 a jimlace, aka kuma taƙaita rajista zuwa cike fom ɗaya a intanet. Zuwa tsakiyar 2025 waɗanda aka yi wa rajista sun haura miliyan ɗaya. A Amurka ma jihar Utah ta yi makamanciyar dokar a 2025.

Abin da ya sa tsarin ya karɓi Jamusawa a fili yake. Wuta tana da tsada a Jamus, amma jimlar lokacin da take yanke wa gida ɗaya a shekara, bisa matsakaicin lissafi, bai kai minti 15 ba. Don haka faifan suna aiki duk yini: firji da sauran kayan gida suna shan abin da rana ta bayar, mita tana rage gudu, in dare ya yi layin kamfani ya ci gaba da ɗaukar nauyi. Layin kamfanin shi ne ginshiƙin tsarin, sola taimako kawai take yi.

Halin da Njamena ke ciki

A Chadi, alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa mutum kusan 12 cikin 100 ne ke samun wutar lantarki, kuma mafi yawansu a babban birnin suke. Wutar birnin ta daɗe tana dogara da injinan mai, irin na tashar Farcha, da kason da ake turowa daga matatar man Djermaya da aka buɗe a 2011. Kamfanin gwamnati, wanda jama'a suka daɗe da saninsa da SNE, ya sha rarraba wuta unguwa-unguwa saboda abin da ake samarwa bai kai abin da ake nema ba. Abin ya fi tsanani daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kowa kuma ya kunna duk abin da ke kawo iska.

Ana ƙoƙarin gyara. A 2020 Bankin Duniya ya amince da kuɗin aikin haɗa layin wutar Kamaru da na Chadi. A ƙarshen 2024 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafa wa tashoshin sola biyu a Gassi da Lamadji, a 2025 kuma aka ƙaddamar da tashar sola ta Noor Chad mai megawat 50. Amma jama'a ba su zauna jira ba. Cibiyar bincike ta Ember ta lissafa cewa faifan solar da aka shigo da su Chadi daga Sin cikin wata 12 zuwa Yunin 2025, da duka za a kafa su, za su iya ba da kusan rabin wutar da ƙasar ta ce ta samar a 2023. Wannan ya nuna ana sayen sola sosai. Abin tambaya shi ne ko ana sayen wadda ta dace.

Dalilin da ya sa take mutuwa in an ɗauke wuta

Ƙaramar inbatar baranda ba ta iya kafa wuta ita kaɗai. Tana sauraren layin kamfani ne, ta daidaita da ƙarfinsa na bolt 220 da bugunsa na sau 50 a daƙiƙa, sannan ta ƙara nata a kai. Da zarar layin ya yanke, sai ta kashe kanta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Da gangan aka yi ta haka, kuma daidai ne: da za ta ci gaba da turawa, ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton layi a mace yake zai iya rasa ransa, haƙoran fulogin da aka zare kuma za su zama tarko ga yara. Sakamakon dai shi ne, rana tana ƙwallewa a kan faifai da ƙarfe ɗaya na rana, gida kuma ba wuta.

Ko wutar tana nan, akwai wasu matsaloli uku. Na farko, inbatar tana da iyakar ƙarfin da take yarda da shi. In wutar unguwa ta yi rauni ƙwarai ko ta yi ta hawa da sauka, sai ta riƙa katsewa. Na biyu, mita. Wasu mitocin kati ba sa bambanta wutar da ta shigo da wadda ta fita, don haka rarar da ka tura waje sai su cire ta daga kuɗinka kamar kai ka sha. A gidan haya mai mita ɗaya kuma, abin da faifanka ya bayar zai tafi firjin maƙwabci ne, kuma ba lallai a rage maka ko sisi ba a rabon kuɗin wata. Na uku, janareto. In aka tayar da ƙaramin janareto alhali inbatar tana jone, za ta ɗauka layin kamfani ne ya dawo ta fara tura masa wuta, abin da kan iya ƙona masa kayan daidaita ƙarfi ko ya lalata abin da ke jone a gidan.

Akwai wata dabara mai haɗari da ya kamata a ambata don a guje ta: ɗaukar inbata mai batir a haɗa ta da soket ɗin bango ta waya mai fulogi a kowane ɓangare, wai don wuta ta zagaya ɗakuna. Wannan ya sha kashe mutane a ƙasashe da dama. In ana so wutar batir ta bi wayoyin gida, sai mai gyaran wuta ya sa makunnin sauya layi, wanda ke raba gida da layin kamfani gaba ɗaya kafin ya karɓi ta batir.

Hanyoyi uku da ke gaban mai saye

Hanya ta farko ita ce irin ta Jamus zalla: faifai da ƙaramar inbata, ba batir. Ita ce mafi araha, amma ta dace ne kawai da shago ko ofis da ke kan layin da ba a cika ɗaukewa ba, wanda kuma ke shan wuta da rana fiye da abin da faifan ke bayarwa, ta yadda ba rarar da za ta koma mita. Ko shi ma ya kamata ya fara tuntuɓar kamfanin wuta, domin izinin da dokar Jamus ta bayar bai tsallako Chadi ba.

Hanya ta biyu ita ce akwatin wuta na tafi-da-gidanka, irin na EcoFlow, Bluetti ko Anker, wanda batir da inbata da na'urar caji duk suna ciki. Ana jona masa faifai kai tsaye, ana iya yi masa caji da wutar kamfani in an kawo, kayan gida kuma a jikinsa ake jona su. Ga ɗan haya mai ɗaki ɗaya ko biyu, wannan ne ya fi kusa da sauƙin da ake kwaɗayi a solar baranda. Aibinsa tsada, da wahalar gyara in wani abu ya lalace a ciki. A kula kuma: wasu batiran da ake tallatawa musamman don baranda a Turai su ma ba sa ba da wuta in layi ya yanke, sai waɗanda ke da soket na musamman don hakan.

Hanya ta uku ita ce a haɗa kaya ɗaiɗai: faifai, batir, da inbata mai karɓar sola da wutar kamfani duka. Tana buƙatar ƙwararre, amma ta fi arahar kowane yunit na ajiya, ana iya ƙara mata girma daga baya, kuma in ɓangare ɗaya ya mutu shi kaɗai za a canza. Ga iyali mai firji, ita ce ta fi.

A fara da lissafi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da tambayar faifai nawa za a saya. Faifai su ne na ƙarshe a lissafi. Abin farawa shi ne: me nake so ya yi aiki in ba wuta, kuma na awa nawa?

A ɗauki gida mai fanka biyu, kowace wat 50, na awa 10: wat-awa 1,000 ke nan. Kwan fitila biyar masu wat 9 na awa biyar, 225. Talabijin da dikoda wat 70 na awa huɗu, 280. Cajin waya huɗu, kamar 60. Jimla 1,565. In aka ƙara abin da inbata ke ci da wanda ke zubewa a hanya, ana maganar kusan yunit biyu, tunda yunit ɗaya wat-awa 1,000 ne. Ƙaramin firji a zafin Njamena zai ƙara yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a yini. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya kuwa za ta iya cinye yunit shida a dare guda, don haka ba ta cikin wannan magana. Haka dutsen guga da hita.

A nan ne dabara take. In aka canza fankokin nan biyu da masu aiki da wutar batir kai tsaye, waɗanda ke cin kamar wat 20, lissafin 1,565 zai sauko ƙasa da 1,000, batirin da ake buƙata ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Kuɗin sababbin fankoki bai kai kuɗin wannan kaso na batir ba. Haka na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa: tana cin wuta kaɗan, kuma tana aiki sosai a busasshen zafin Maris da Afrilu, ko da yake amfaninta yana raguwa in damina ta kankama.

Batir: nan kuɗin yake

Batir ne mafi tsada a tsarin, shi ne kuma zafi ya fi yi wa illa. Iri biyu ne a kasuwa. Na dalma, mai ruwa ko busasshe, ya fi sauƙin kuɗi a ranar saye. Amma mai bolt 12 da amfiya-awa 200, duk da cewa a rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400, rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Kuma an ƙiyasta rayuwarsa ne a kan digiri 25. Duk ƙarin kamar digiri 10 yana rage ta da rabi. A ɗakin kwano a Njamena wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ake yawan jin batir ya gaji tun bai je ko'ina ba.

Na biyu shi ne litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, masu ƙera shi suna ba shi caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, kuma ya fi sauran nau'o'in litiyam wuyar kamawa da wuta. Mai bolt 12.8 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,280. Mai bolt 25.6 yana da 2,560, wanda ya isa gidan da muka lissafa. Araha ba ta ado: in aka raba farashi da shekarun aiki, litiyam ne ya fi sauƙi.

A tabbata yana da allon kariya a ciki, mai yanke shi in caji ya yi yawa ko zafi ya wuce kima. A ɗaga shi a ji nauyi: na litiyam mai amfiya-awa 100 a bolt 12.8 yakan yi kilo 10 zuwa 13, na dalma mai 200 kuma yakan kai kilo 55 ko fiye. Wanda ya gaza haka sosai akwai magana. Batirin mota ba na wannan aiki ba ne. A ajiye batir a inuwa, inda iska ke ratsawa, ba a baranda cikin rana ba, kuma a ɗora shi a kan wani abu mai tsayi. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Walia da sauran unguwannin bakin Chari da Logone ya san dalili.

Inbata da na'urar caji

Inbata iri biyu ce: mai fitar da wuta sumul irin ta kamfani, da mai araha wadda wutarta ke da gargada. Ta biyun tana sa fanka gurnani, tana ɗumama injin firji har ya gaji. A sayi ta farkon. Girmanta ya wuce jimlar abin da za a kunna lokaci guda, a kuma tuna cewa injin firji yana fizgar ninki uku zuwa shida na ƙarfinsa a daƙiƙar tashi. Amma kada a wuce gona da iri, domin inbata tana cin wuta ko ba a jona mata komai ba. Wadda ke cin wat 40 a zaune za ta cinye kusan yunit ɗaya a kwana, rabin abin da gidan misalinmu ke buƙata. A nemi wannan adadi a takardarta kafin a biya. Daidai ruwa daidai tsaki: ga fanka, fitila, talabijin da ƙaramin firji, mai wat 1,000 zuwa 1,500 ta wadatar.

Na'urar cajin da ke tsakanin faifai da batir ita ma iri biyu ce, PWM da MPPT. Babban faifan zamani mai wat 430 yana aiki ne a wajen bolt 32 da amfiya 13. In aka haɗa shi da batirin bolt 12 ta PWM, na'urar za ta janyo shi ƙasa zuwa ƙarfin batirin, abin da zai shiga bai kai wat 200 ba. An biya kuɗin faifai guda, an sami rabi. MPPT ce ke juya rarar bolt ɗin ta koma caji. A duba kuma iyakar bolt ɗin da na'urar ko akwatin wuta ke karɓa. Faifai biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya sukan wuce bolt 70, kuma sanyin safiyar Disamba da Janairu yana ƙara ɗaga shi. Akwatin da iyakarsa 60 ce zai iya ƙonewa.

Faifai: yadda ake gane na gaskiya

Faifai sun yi araha a duniya ƙwarai. A 2024 farashinsu a masana'antun Sin ya sauko wajen santi 10 na dala a kowane wat. Saboda haka ba dalilin sayen na jabu. Sunayen da aka sani su ne irin su Jinko, LONGi, Trina, JA Solar da Canadian Solar, amma takardar da aka manna a baya kowa na iya bugawa. Abin da ba ya ƙarya shi ne girma. Faifan kirki na yau yana ba da wat 200 zuwa 230 a kowace murabba'in mita, don haka mai wat 400 zuwa 450 yakan kai kusan mita 1.7 a tsawo da 1.1 a faɗi, nauyinsa ya haura kilo 20. In aka nuna maka wanda bai fi murabba'in mita ɗaya ba aka ce wat 500 ne, ka wuce. A duba lambar da ke ƙarƙashin gilashi ta yi daidai da ta baya, a duba alamar gwajin IEC 61215 da IEC 61730. Ga ƙananan kayan da ke zuwa a haɗe da fitilu da fanka, shirin VeraSol yana da jerin waɗanda aka gwada.

Wat ɗin da aka rubuta an auna shi ne lokacin da faifan ke kan digiri 25. A ranar Afrilu jikinsa kan kai 65 ko fiye, kuma kowane digiri na ƙari yana rage kamar kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. Wato kashi 12 zuwa 16 sun tafi saboda zafi kaɗai. Adadin raguwar kowane digiri yana cikin takardar faifan. Wanda nasa ya fi ƙanƙanta shi ya fi dacewa da Sahel. Duk da haka Njamena tana da arzikin rana: faifai biyu masu wat 430, in an kafa su daidai kuma suna da tsabta, za su ba da yunit uku da rabi zuwa huɗu a yini.

Inda za a kafa

A nan ma kwaikwayon Turai yana cutarwa. Berlin tana nesa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta ƙasa-ƙasa a kudu, don haka faifan da aka rataya a tsaye a baranda yana fuskantarta. Njamena tana kan digiri 12 ne kawai arewa da tsakiyar duniya, rana a tsakar ka take wucewa. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta ma ta arewa take bi. Faifan da aka rataya a tsaye yana kallon kudu ba zai ga ƙwayar rana ba a waɗannan watanni, a Maris da Afrilu kuma shafarsa kawai za ta yi. Mai bene da ba shi da wani wuri sai baranda, ya nemi ƙarfen da zai kwantar da faifan, in kuma dole sai a tsaye, gara mai kallon gabas ko yamma.

Abin farin ciki, yawancin gidajen birnin na ƙasa ne, masu tsakar gida da rufin kwano. Mafi dacewa shi ne a kwantar da faifai a karkace kaɗan, digiri 10 zuwa 15, suna kallon kudu. Kada a shimfiɗa su sarai, ƙura da ruwa za su kwanta a kai. A bar tazarar kamar tafin hannu ko fiye tsakaninsu da kwano don iska ta ratsa. Ɗan haya zai iya sa maƙeri ya yi masa rumfar ƙarfe a tsakar gida, ya samu inuwa a ƙasa, wuta a sama. A guji inuwar darbejiya, tankin ruwa da farantin tauraron ɗan'adam, domin inuwar da ta rufe ɓangare kaɗan takan rage wuta fiye da girmanta.

Sai ƙura. Kwarin Bodélé da ke arewacin Chadi yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma hunturu yana kwaso ta zuwa birnin daga Nuwamba zuwa Maris. Dole faifai su kasance inda hannu zai kai, a riƙa wanke su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe ko da yamma, ba lokacin da gilashi ya ɗau zafi ba. Guguwar farkon damina kuma tana yaye kwano, balle faifan da aka ɗaure da igiya ko aka danne da bulo. A ɗaure da ƙusoshi masu noti, waɗanda za su ba ɓarawo ma wahala.

Wayoyi da kariya

Gobarar sola ba kasafai take tashi daga faifai ba, daga waya da mahaɗa take tashi. Daga faifai a yi amfani da wayar sola ta musamman mai jure rana, mai kaurin murabba'in milimita 4, da mahaɗan MC4 na kamfani ɗaya, ba murɗe waya da salatif ba. A kankare bakin wayar a gani: in cikin fari ne an shafa masa ja, alminiyam ne aka yi wa rigar tagulla. Tsakanin batir da inbata waya ta zama gajera mai kauri, domin wat 1,000 a bolt 12 ya haura amfiya 80. Wannan ma dalili ne na fifita bolt 24. A sa fis kusa da batir, da makatsar da aka yi don wutar batir, ba irin ta bango ba. A haɗa ƙarfen faifai da ƙasa, a sa abin kare tsawa. Wanda ya zaɓi hanyar farko, irin ta Jamus, kuma ya sani cewa wat 800 ƙarin amfiya kusan uku da rabi ne da makatsar gida ba ta gani, don haka sai soket mai lafiya a bango, ba a kan doguwar waya mai baki da yawa ba.

Kasuwa da kuɗi

Kayan da ke Babbar Kasuwa da ta Dembé da shagunan birnin sun sha doguwar hanya, ko daga tashar jirgin ruwa ta Douala, ko daga Najeriya ta Maiduguri da Gamboru, kafin su tsallako gadar Nguéli daga Kousseri. Gilashi ne, ana iya samun tsagewar da ido ba ya gani. A gwada faifai a rana da mita a gaban mai shago, a karɓi rasit mai lambar kaya da wa'adin garanti a rubuce. Garantin shekara 25 na masana'anta ba zai yi maka amfani ba in ba wanda za ka mayar wa da kaya a cikin gari. Kayan da aka yi odarsu daga waje kuma a tabbata na bolt 220 ne, ba na 110 irin na Amurka ba.

Wanda ke ganin kuɗin sun yi yawa ya gwada da janareto. A Fabrairun 2024 an ɗaga litar fetur a Chadi daga sefa 518 zuwa 730. A wannan farashi, janareton da ke shan lita biyu kowane dare yana cin sefa fiye da 530,000 a shekara, ban da baƙin mai, gyara, ƙara da hayaƙi.

Hukunci

Solar baranda irin ta Jamus kaya ne nagari, amma ga mafi yawan mazauna Njamena ba ita ce amsa ba, har sai ranar da layin birnin ya tsaya da ƙafafunsa aka kuma fito da ƙa'idar tura rarar wuta cikinsa. Abin da ya dace a ɗauko daga gare ta shi ne ƙanƙanta da sauƙin kwancewa. Mai ɗaki ɗaya ya nemi akwatin wuta mai batirin LiFePO4 da faifai ɗaya. Mai iyali da firji ya nemi faifai biyu, inbata mai MPPT a bolt 24, batir mai yunit biyu da rabi, da ƙwararren da zai sa masa makunnin sauya layi. In kuɗi bai kai ba, a rage kayan da za a kunna, kada a rage ingancin batir ko kaurin waya. Kafin ka biya ko sefa ɗaya, ka sa mai shago ya haɗa kayan, ya zare su daga wutar kamfani, ya kunna maka fanka a gabanka. In ba ta juya ba, ka riƙe kuɗinka.